Babbar riga a jirgin ƙarƙashin ƙasa

Duk wanda ya saba hawa motar haya daga Gombe zuwa Dukku ran kasuwa, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, ga buhun masara a kan cinya, gani yake ya gama sanin matsi. Da wannan taƙamar na sauka Alƙahira, lokacin da na raka yayana asibitin ido.

Ɗansa da ke karatu a Azhar shi ne ɗan jagoranmu. Wata rana da la'asar ya ce zai kai ni dandalin Tahrir a jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda tun 1987 yake aiki, kuma shi ne na farko a Afirka. Ya dubi shaddata da ta sha sitaci, ya ce, "Bappa, da dai jallabiya ka sa." Na ce yaro, ba a san ni da fita kamar mai zuwa sayen koko ba.

Muka gangara tashar Shuhada da ke ƙarƙashin dandalin Ramsis, inda layi biyu suka haɗu, daidai lokacin tashin ma'aikata. Jirgi na tsayawa na hango wani tarago a tsakiya da sarari, na nufe shi da sauri. Yaron ya fizgo ni, ashe na mata ne zalla. Kafin in ce wani abu, jama'a sun ɗauke ni cak. Ni dai ban san ƙafata ta taka ƙofa ba, na ga kaina a ciki.

Nan rigar ta fara rabuwa da ni. Hannun dama ya maƙale a hammatar wani ƙato, na hagu yana can wajen mutum na uku, wani dattijo kuma ya riƙe aikin wuyan yana gyangyaɗi, ya ɗauka abin riƙewa ne. Hular ta zamo ta rufe mini ido ɗaya, babu hannun gyarawa. A cikin wannan hali wani mai talla ya ratsa mu yana cigiyar masu sayen biro, har ya yi ciniki. Wannan bawan Allah ya cancanci sarauta.

Tasha ta uku ce tamu, Sadat. Na ji yaron daga waje yana kwala kira, "Bappa, sauko!" Ina! Ni na yarda, rigar ce ba ta samu izini ba. Ƙofa ta rufe, jirgi ya wuce da ni ta ƙarƙashin kogin Nilu. Kogin da muka haddace tun firamare, na ƙetare shi ban ga ko ɗigon ruwa ba, sai gumin ƙeyar mutum. Sai a Dokki aka tofar da ni, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan wani ya miƙo mini ta saman kawuna.

Da muka dawo gida na kai rigar wajen mai wanki da guga a Jekadafari. Ya baza ta, ya juya gaba, ya juya baya, ya daɗe yana kallon sawun takalmin da ke kafaɗa.

"Alhaji, an dai kai maganar wajen 'yan sanda ko?"