Ku ƙyale yara su shiga kicin

Wallahi tun jiya abin nan yake ci na a rai. Na so in yi shiru, shirun ya gagara. Wani bidiyo ne da aka ɗora a intanet. Yarinya ƙarama, ko sha uku ba ta kai ba, ta zage ta gasa kek a tukunya da yashi, uwarta ta ji daɗi ta ɗora don a sa mata albarka, sai ga manyan mata, iyayen wasu, sun yi mata caa a ka. Wai tsakiyarsa ya lotsa. Wai gindinsa ya yi baƙi. Wata har da cewa wannan ba kek ba ne, tuwon fulawa ne, wasu kuma suna biye mata da dariya. Kafin dare uwar ta goge bidiyon. Haba jama'a! Haba!

Ni abin da na gani a bidiyon nan yarinya ce da ta auna fulawa da kanta, ta fasa ƙwai da kanta, ta zauna gaban kurfoti tana fifita gawayi, idonta na kan tukunya. A wannan zamanin da yara ba sa ɗaga kai daga waya, an sami wadda ta ɗaga kai ta nufi kicin, ku kuma kuka tare ta da izgili. Gobe ku ne za ku dawo nan kuna rubuta mana dogayen bayanai cewa 'yan matan yanzu ba su iya girki ba, aure na mutuwa saboda ciki. To ta ina za su iya? Ba a haifi kowa da ludayi a hannu ba. Yaro yana koyon girki ne in an bar shi ya taɓa tukunya, ya ɓata, ya sake. Ku ƙyale su su shiga kicin.

Masu cewa ai gyara suka yi mata, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ku dakata. Na bi maganganun nan ɗaya bayan ɗaya, ban ga wadda ta gaya wa yarinyar dalilin da ya sa kek ɗinta ya lotsa ba. Gyara ke nan? Mai gyara ce mata za ta yi: 'yata, kin yi ƙoƙari, amma kin riƙa buɗe murfin tukunya tun bai kama jikinsa ba, iska mai sanyi ta shiga, shi ya sa ya faɗa. Ko kuma bakin hoda ya yi yawa, ya tashi da gaggawa ya rasa abin da zai riƙe shi. Gindin da ya ƙone kuwa wuta ce ta yi yawa a ƙasa, ko yashin bai kai kauri ba. Wannan ita ce gyara. Abin da kuka yi sunansa cin fuska, kuma cin fuskar ƙaramar yarinya.

Bari ni in faɗa mata, ko Allah zai sa uwarta ta gani. 'Yata, ki sami tsohuwar tukunya mai kauri wadda aka daina miya da ita. Ki zuba yashi mai tsabta, busasshe, kaurinsa ya kai kamar yatsu biyu a kwance. In babu yashi, gishiri ma yana yi. Ki rufe ki ɗora a wuta ya yi minti 10 zuwa 15 ya ɗauki zafi kafin ki sa komai a ciki. Kwaɓin kuma mai sauƙi ne, nauyin komai ɗaya: bota giram 250, wato leda ɗaya irin ta kanti, sukari giram 250, fulawa giram 250, ƙwai 4 ko 5, bakin hoda ƙaramin cokali ɗaya cike. Ki fara buga bota da sukari da muciya, ki yi ta bugawa har ya yi fari ya yi laushi, nan ne aikin yake, kada ki gaji. Sannan ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kina sawa kina juyawa. Fulawar ki tankaɗe ta tare da bakin hoda, ki zuba kaɗan-kaɗan, a nan kuma a hankali ake juyawa, da ta haɗe ki tsaya. Ki wanke gwangwanayen madara ko na kifi, ki shafe cikinsu da bota, ki barbaɗa fulawa, ki zuba kwaɓin ya wuce rabi kaɗan. Ki jera su a kan yashin, ki rufe, ki rage wuta sosai. In kurfoti ne ki ɗebi 'yan garwashi ki ɗora a kan murfin don sama ma ya gasu. Kada ki buɗe sai ya yi minti 20 aƙalla. Bayan nan ki soka tsinke a tsakiya, in ya fito ba komai a jikinsa ya nuna. Shi ke nan. Ki sake gwadawa, kuma ki ce Mama ta sake ɗora mana.

Sai kuma masu rainin wai ba ta da obin. Gida nawa ne a unguwarku suke da obin? Wanda ma yake da na lantarki, yaushe wutar ta zauna har kek ya nuna? Tun watan Afrilun 2024 da aka mayar da kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka ware wa wuta mafi yawa a rana, naira 225 kowane yunit, masu obin ɗin da yawa sun lulluɓe shi da ƙyalle sun ajiye. Gas kuma kowa ya san yadda ake lallaɓa shi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi. Gurasar da Kano take alfahari da ita, wadda matan Jakara suke gasawa tun kaka da kakanni, a tanderun ƙasa ake manna ta, ba a obin ba. Wainar da kuke layi kuna saya da safe a tanda ake soya ta. Iyayenmu sun yi kek ɗin biki da na suna a tukunya da yashi, an ci an yaba. Yau don an sami waya mai kyamara sai abin ya zama abin kunya?

Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne yadda muka mayar da girki abin nuna isa. Yarinya za ta buɗe waya, duk abin da take gani sai an zuba cuku na kanti, sai an sa kirim, sai na'urar bugu, sai kwano kala-kala. Ta duba kicin ɗin gidansu ta ga garin masara da wake da manja, sai ta ɗauka su ba su da abin girkawa. Alhali abincin da ya fi kowanne sauƙin koya wa yaro yana nan a gabanta.

Ku ɗauki ɗanwake. Ni ban san abincin da ya fi shi dacewa da hannun ɗan koyo ba. Garin wake da na rogo, ko fulawa in ita ce a gida, a zuba kuka, a jiƙa kanwa a tace ruwan a kwaɓa da shi. Yarinya za ta ga da idonta yadda kwaɓin yake canza kala yana danƙo, ta ji a yatsunta in ya yi ruwa ko ya yi tauri. Ta tsaya gaban tafasasshen ruwa tana gutsura tana sakawa, na farko su fito manya-manya ba fasali, na ƙarshe su fara daidaita. Ta ga sun nutse, can kuma sun taso sama, kumfa ta yunƙuro tana neman zubowa, ki nuna mata yadda ake rage wuta a juya. A tsame a ruwan sanyi, a zuba mai da yaji, a yanka tumatir da albasa, in da hali a dafa ƙwai. A kwano ɗaya ta koyi awo, ta koyi kwaɓi, ta koyi kula da wuta, ta kuma gane cewa kanwa in ta yi yawa ɗaci take sawa. Kuma a ranar ƙannenta za su ci su ce Yaya ce ta yi. Wallahi daɗin da yaro yake ji a wannan lokacin ba kuɗin da zai saya masa shi.

Haka wainar fulawa: fulawa, jajjagen attaruhu da albasa, gishiri, ɗan ɗanɗano, ruwa, a zuba a kasko da manja kaɗan. Haka kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wanda bayan an dafa ganyen ko wuta yaro ba zai kusanta ba. Garau-garau, dafa-duka, faten wake, kunun gyaɗa. In hannu ya faɗa sai a matsa zuwa alala, ta koyi surfa wake da wanke shi. Sannan fanke, ta koyi cewa da ruwan ɗumi ake kwaɓa yis, ruwan zafi kashe shi yake yi, ta rufe kwaɓin ta ajiye a rana ta dawo ta tarar ya kumbura ya cika roba. Duk wannan a gida, da abin da ke gida. Ku dai ƙyale su su shiga.

Na san za a ce abinci ya yi tsada, ba za a ba yaro fulawa ya yi wasa da ita ba. Wa ya ce a ba shi mudu? Gwangwani ɗaya ya isa gwaji. Kuɗin datar da kika saka jiya kika zauna kina zagin 'yar mutane ya sayi gwangwanin fulawa har da ƙwai. Kuma asarar gwangwani ɗaya yau ta fi sauƙi a kan ranar da za ki kai ta ɗaki ba ta san yawan ruwan da shinkafa take sha ba. Mun ga iyayen da sai saura wata ɗaya biki suke rugawa su biya kuɗi masu yawa a makarantar koyon girki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Za a ce wuta haɗari ce. Ƙwarai kuwa, shi ya sa ake tsayawa a kansu. Babu wanda ya ce ki kunna gas ki bar 'yar shekara takwas ki tafi barka. Ki tsaya, ki koya mata ta cire mayafi ko hijabi ta ɗaure kanta tamau kafin ta kusanci wuta. Hannun tukunya a juya shi ciki, kada ƙaramin yaro ya janyo. In mai ya kama da wuta ba a watsa masa ruwa, kashe wutar ake yi a rufe da murfi. In an ji warin gas ba a ƙyasta ashana, ba a taɓa makunnin lantarki, buɗe taga da ƙofa ake yi. Suya a mai mai yawa, irin cincin da ƙosai, a bari sai ta girma kaɗan. Yarinyar da aka hana kicin ita ce ranar da ta shiga ita kaɗai ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, to wace ce ke cikin haɗari?

Masu cewa karatu ya fi, sai ka ce dafa taliya ranar Asabar zai goge wa yaro lissafi daga ka. Ba zan ma tsaya a kan wannan ba.

Kuma da na ce yara, har da maza nake nufi, kada wani ya yi kamar bai ji ba. Mai shayin bakin layinku namiji ne. Mai tsire namiji ne. Masu gasa burodin da kuke karyawa da shi maza ne. Amma ɗanki ya ɗauki wuƙa zai yanka albasa sai ki ce tashi, ba aikinka ba ne. Sai ya tafi jami'a ko bautar ƙasa ya ƙare a Indomie safe da dare, ya dawo miki a rame. Sai ranar da matarsa ta haihu ko ta kwanta rashin lafiya ya rasa yadda zai dama wa 'ya'yansa koko. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da aka tambaye ta abin da Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa. Wannan a Bukhari yake. To ɗan wa ye ya fi ƙarfin wanke tukunya?

Ga uwar yarinyar nan kuma, Hajiya, in kina karantawa, Allah ya saka miki da alheri. Kin yi abin da da yawanmu muka kasa, kin haƙura da ɓarin fulawa a ƙasa da tarin wanke-wanke kin bar 'yarki ta gwada. Kada maganar mutane ta sa ki janye ta. Ki ce mata akwai wata Anti da ta ga kek ɗinta ta yi sha'awarsa, Allah ya yi mata albarka, ya sa hannun nan ya zama silar arzikinta. Mata nawa ne yau suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu da cincin da kek da dubulan, kuma kusan dukkansu daga tukunyar gida suka fara.