Faɗuwa ɗaya, sai a yaga kati?

Jiya da yamma a majalisarmu wani ƙanenmu ya zaro katin jam'iyyarsa ya yayyaga shi a gabanmu, wai don ya faɗi zaɓen fidda gwani na kansila. Ƙuri'a tara aka fi shi. Kafin isha'i ya cika Facebook da zagin dattawan da suka raka shi sayen fom, yau da safe kuma sai ga shi da hular wata jam'iyya. Haba samari!

Ku dubi Tsai Ing-wen ta Taiwan. Malamar shari'a ce a jami'a, ta karɓi shugabancin jam'iyyar DPP a 2008, lokacin da zargin rashawa a kan tsohon shugaba Chen Shui-bian ya zubar wa jam'iyyar mutunci. A 2010 ta nemi kujerar magajin garin New Taipei, Eric Chu ya kayar da ita. A 2012 ta nemi shugabancin ƙasa, shugaba mai ci a lokacin, Ma Ying-jeou, shi ma ya kai ta ƙasa. Ta amsa faɗuwa, ta ajiye shugabancin jam'iyya, amma ba ta bar gida ba. A 2016 ta dawo ta doke Eric Chu ɗin nan dai, ta zama mace ta farko da ta mulki Taiwan. Kun ga mai haƙuri da romon dutse.

Shi kuwa Lai Ching-te, ɗan jam'iyyarta, a 2019 ya ƙalubalance ta a fidda gwani, ya sha kaye. Da irin namu ne, da tuni ya kira 'yan jarida ya ce an yi masa fashi. Shi mataimakinta ya zama, a 2024 ya gaje ta.

Ku kuwa faɗuwa ɗaya, sai tsalle. Yau nan, gobe can, kamar kazar da ba ta da akurki. Sauri ya haifi nawa? Ga kwaɗayin abin da za a damƙa muku a ambulan, ga ƙwaya da wasunku ke haɗiya kafin gangami, wannan ma maganar wata rana ce. Ku riƙa zama ku natsu mana.

Iyayenmu na zamanin NEPU an ɗaure su, an yi musu bulala, an hana su kasuwa, ba su sauya hula ba. Kakana har ya rasu katinsa na cikin adakarsa, naɗe a tsumma. Na ƙanen nan namu kuwa, mai shayi ne ya share gutsattsarinsa ya zuba a murhu.