Kafin Ka Sayi Hannun Jari, Ka San Inda Za Ka Fita

'Yan'uwana matasa, musamman ku da kuka fara sayen hannun jari ta waya, akwai lissafin da yawancinku ke tsallakewa, kuma abin yana damuna. Ka tambayi saurayi dalilin da ya sa ya zuba kuɗinsa a kamfani kaza, zai ce maka farashin zai tashi. Ka ce masa, to in ya faɗi fa, nawa ka yarda ka rasa? Sai ya yi shiru. Wallahi wannan shirun ne ke cinye jari.

Kafin ka saya, ka rubuta farashi biyu: inda za ka sayar ka haƙura idan kasuwa ta juya maka baya, da inda za ka kwashi ribarka. A ce ka saya a kan naira 100, ka sa iyakar asara a 95, kana hangen 115. Kasadar naira 5 ka yi don neman 15, ɗaya bisa uku ke nan. Da wannan ma'auni, ko da ciniki bakwai cikin goma sun ƙi, asararka 35 ce, ukun da suka yi kyau kuwa sun kawo 45. Wanda ke kasadar 5 don neman 5 sai ya ci fiye da rabin cinikinsa kafin ya ga riba, ga kamashon dillali da sauran kuɗaɗen da ake yanka wajen saye da wajen sayarwa.

Sai dai kada ka yaudari kanka. Wasu sukan matsar da farashin riba can sama, inda hannun jarin bai taɓa kusanta ba, don kawai lissafi ya ba su ɗaya bisa biyar. Kallon kitse ake yi wa rogo. Ka duba inda farashin ya saba tsayawa a watannin baya, ka karanta rahoton kuɗin kamfanin. Idan da gaskiya ribar da kake hange ba ta ninka kasadar ba, wato ɗaya bisa biyu, ka bar shi ya wuce.

Daga nan sai yawan abin da za ka saya. Mai jarin naira 500,000 da ya ƙudurta ba zai rasa fiye da kashi 2 cikin 100 a ciniki guda ba, naira 10,000 ce iyakarsa. Ya raba ta da naira 5 ɗin nan, hannun jari 2,000 zai saya, ba ƙari, komai daɗin bakin masu ba da shawara a WhatsApp. Wanda ya rasa rabin jarinsa, sai abin da ya rage ya ninka kansa kafin ya dawo inda ya fara.

Ku tambayi iyayenku da yayyenku abin da ya faru a 2008. A watan Maris na shekarar ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas, wanda ke nuna hawa da saukar farashi a kasuwar baki ɗaya, ya haura maki 66,000, cikin shekara guda ya sauko wajen 20,000. Mutane da yawa da bashin banki suka saya, suka yi ta jiran farashi ya dawo har bashin ya fi ƙarfin abin da ke hannunsu.

A wannan kasuwa ta Legas, wadda yanzu ake kira NGX, farashi ba ya sauka fiye da kashi 10 cikin 100 a rana ɗaya, amma idan kowa na son sayarwa kuma babu mai saye, kana iya kwana da kayanka har farashi ya zarce iyakar da ka sa. Wannan ya fi faruwa a ƙananan kamfanonin da ba a cika cinikinsu ba. Don haka, don Allah, ka duba yawan hannun jarin da ake saye da sayarwa a kullum kafin ka shiga, kuma kuɗin haya, na makaranta ko na amanar wani kada su kusanci wannan harka.