Jedwabne da takunkumin da Poland ta so ta sa wa masu tarihi

Ranar 10 ga Yulin 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a garin Jedwabne da ke Poland, aka tasa ƙeyar Yahudawan garin, har mata da yara, aka cusa su cikin wani ɗakin ajiyar amfanin gona aka banka masa wuta. Shekara da shekaru dutsen tunawa da ke wurin yana ɗora laifin kan Jamusawa kaɗai. Sai da masanin tarihi Jan Gross ya tono maganar a 2000, sannan hukumar tarihin ƙasar ta bincika, ta gano aƙalla mutum 340 aka kashe, kuma maƙwabtansu 'yan Poland ne suka aikata, bisa zugar Jamusawa. Shugaban Poland na lokacin, Kwaśniewski, ya je garin a 2001 ya nemi gafara.

Jama'a, ban raina wahalar da Poland ta sha ba. A yaƙin ta rasa mutum kusan miliyan 6, rabinsu Yahudawa. Sansanonin kisa na Auschwitz da Treblinka Jamusawa suka gina su bayan sun mamaye ƙasar, don haka duk wanda ya kira su sansanonin Poland ya zalunci 'yan ƙasar. Kuma sama da mutum 7,000 daga cikin 'yan Poland Yad Vashem, cibiyar Isra'ila ta tunawa da kisan kiyashin Yahudawa, ta karrama saboda ceton Yahudawa, a lokacin da hukuncin yin hakan kisa ne.

To amma wannan bai ba gwamnati damar abin da ta yi a 2018 ba: dokar ɗaurin da ya kai shekara 3 ga wanda ya ce al'ummar Poland na da hannu a ta'asar Nazi. Da Isra'ila da Amurka suka matsa, aka cire ɗaurin cikin watanni. Tsoron dai ya riga ya shiga zukata. A 2021 kotu a Warsaw ta umarci masu bincike kan tarihi Barbara Engelking da Jan Grabowski su ba da haƙuri saboda abin da suka rubuta kan dagacin wani ƙauye, sai kotun ɗaukaka ƙara ce ta soke hukuncin.

Abin da ke ci min rai shi ne, waɗanda aka ƙona ba baƙi ba ne. 'Yan ƙasa ne, kakanninsu sun yi ɗaruruwan shekaru a can. In ana kare mutuncin Poland, nasu mutuncin fa? Kuma ɗalibin da ya tarar da sunan wani dagaci a tsohuwar takardar kotu yau, wa zai tabbatar masa ba zai ƙare gaban alƙali ba in ya wallafa?