Ƙyallin Tayar Alhaji

Safiyar Asabar ce cikin hunturu, a wani wurin wankin mota da ke Titin Zoo a Kano. An gama wanke farar Camry ɗin Bakano, ruwa na ɗiga. Abokin wasansa Bazazzagi, tsohon malamin kimiyya, yana kan benci ya toshe hanci da hankici, yana jiran a rage masa hanya zuwa ɗaurin aure a Wudil.

Bakano: Kai yaro, zo nan. Wanka ka yi wa motar nan ko alwala? Dubi tayoyi, jajawur!

Mai Wanki: Wallahi Alhaji sau biyu na dirje su. Jikinsu ne haka, sai dai a sa musu mai.

Bakano: To sa mana, me kake jira?

Mai Wanki: Wanne daga ciki? Akwai na kyauta, akwai na 500, akwai na...

Bakano: Ya isa. Ka faɗi nawa tun a farko.

Bazazzagi: Oho! Bakano ya ji kyauta, kunne ya toshe. Yaro, faɗa masa ko mene ne na kyautan.

Mai Wanki: Baƙin mai ne Malam, wanda aka juye daga inji. Bakaniken can ke ba mu.

Bakano: To ina laifi? Baƙi ne, taya baƙa ce, sun dace.

Bazazzagi: Sun dace da kai ka asibiti. Man inji cin roba yake yi, ya tausasa ta, ya kumbura ta. Wasu ma har man birki suke shafawa, shi kuwa ɗigo ɗaya ya taɓa bodi ka bar shi ya kwana, fenti ya tashi.

Bakano: Ku Zage-zagi kenan. Mutum bai da ko keke, amma ya san ciwon mota. Yaro, na 500 fa?

(Mai wanki ya ɗauko wata tsohuwar gorar ruwa da aka huda murfinta da ƙusa.)

Mai Wanki: Haɗin gida ne ranka ya daɗe. Gilisirin da ruwa, sai ɗan turare.

Bazazzagi: Wannan ba ya cuta, ba ya kuma amfani. Gilisirin narkewa yake a ruwa. Ka taka kwata ɗaya, 500 ɗinka ta bi lambatu.

Bakano: Turaren kuma na mene ne? Wa zai durƙusa ya shinshina mini taya?

Mai Wanki: Saboda kwastoma ya ji ya biya kuɗi ne, Alhaji.

Bakano: Wannan yaron zai yi nisa a kasuwa. Kawo na kwalba mu gani.

(Ya kawo biyu. Ɗaya garai-garai, yana warin kananzir. Ɗayan fari, mai kauri.)

Bakano: Wannan ai kindirmo ne.

Bazazzagi: Ajiye kar ka kurɓa. Dukkansu man silikon ne a ciki, shi ke kawo sheƙin. Bambancin, mai warin nan an narka shi a sinadarin da ya fito daga ɗanyen mai, farin kuma a ruwa aka dama shi. Mai wari ya fi ƙyalli, taya ta yi kamar a jiƙe take, kuma ya fi jure ruwan sama. Farin baƙi yake bayarwa mai natsuwa, ya bushe, ka taɓa hannunka bai yi maiƙo ba, sai dai ba ya daɗewa kamar wancan.

Bakano: Magana ta ƙare. Mai ƙyalli! So nake in na tsaya a ƙofar gidan nan, waliyyin amarya ya ga fuskarsa a tayata ya gyara hula.

Bazazzagi: A damina da na ce to. Ɗaga kanka ka dubi sama, kana ganin rana? Maiƙo da ƙurar hunturu masoya ne. Kafin ka wuce Mariri tayarka ta koma kamar tsiren da aka birkiɗa a ƙuli.

Mai Wanki: Gaskiya ne Alhaji. Kuma in an lafta shi aka ja mota bai sha ba, tartsatsi yake yi. Duk gefen ƙofa sai ka ga ɗigo-ɗigo baƙi. Ga motarka fara.

Bakano: Kai kuma wa ya tambaye ka? Da ka wanke su da kyau ai da ba su yi ja ba.

Bazazzagi: Ƙyale yaron mutane. Jan nan daga cikin tayar yake fitowa. Masu ƙera ta suna zuba wani sinadari, 6PPD, don iska da rana kada su tsattsaga ta...

Bakano: A'a, a'a! Ni ɗan kasuwa ne, ba na jam'iyya. Kar ka sa mini PDP a taya.

Bazazzagi: PPD na ce, Alhajin Allah. Yana tsattsafowa waje a hankali, ya haɗu da iska, sai ya rine ya yi ruwan ƙasa. Aikinsa yake yi. Maganinsa buroshi mai tauri da sabulu, a dirza, a ɗauraye, a sake, har sai kumfar ta daina fitowa ja ta fito fara. A bari ta bushe ƙarau. Sannan a ɗiga man a soso, a shafa siriri a gefe kawai, a ba shi kamar minti 15, a bi da busasshen tsumma.

Bakano: A gefe kawai? Na biya kuɗin taya sukutum a shafa mini rabi? Har inda take taka ƙasa za a sa.

Bazazzagi: Sa mana. Ka taka birki a Gano, ka tsaya a cikin kogin Wudil. Shi ya sa ma ba a son fesawa barkatai, kar ya ratsa wili ya sami faifan birki. Masu babur kuwa ko kusa, don da gefen tayar suke shan kwana.

(Mai faci da ke gefe ya daɗe yana saurare. Ya taso ya tsuguna gaban tayar baya, ya goge wani wuri da babban yatsa.)

Mai Faci: Alhaji, yaushe ka sayi waɗannan?

Bakano: Bara. Sababbi dal, suna walƙiya. Sai da na yi awa biyu ina ciniki, mai su har ya yi kamar zai yi kuka.

Mai Faci: Kukan daɗi ne. Ga lambarta nan a jikinta, bayan haruffan DOT: 1714. Mako na 17, shekarar 2014.

Bakano: Lambar waya ce ta kamfani.

Bazazzagi: Ranar haihuwarta ce! Hukumar Kiyaye Haɗurra shekara 4 take cewa. Michelin da kansu, masu son a ce tayarsu na da ƙarko, sun ce in ta kai 10 a cire ko da ba ta suɗe ba. Taka ta isa shiga sakandare.

Mai Faci: Ga tsaga nan ƙanana-ƙanana duk gefen. Mai aka lafta musu ranar da ka saya, shi ya rufe.

Bazazzagi: La ilaha! An yi wa Bakano Kananci a cikin Kano! Yaro, ba ni ruwa in sha, yau ranar farin cikina ce. Wallahi sai na ba da labarin nan a Tudun Wada.

Bakano: (Ya yi shiru, ya cire hula, ya sosa kai.) Wanne ya shafa musu, mai warin ko kindirmon?

Mai Faci: Mai warin ne zai rufe irin wannan.

Bakano: Ka gani ko? Abu mai kyau ne. Ni da kaina ya ci ni, balle mutanen Wudil. Yaro, nawa ne?

Mai Wanki: 2,000 Alhaji, taya huɗu.

Bakano: Ga 1,000. Shafa wa biyun dama.

Mai Wanki: Na hagu fa?

Bakano: Gidan a hannun dama yake. Na hagu bango za su kalla.

Bazazzagi: In an shafa fatiha ka juya mota za ka taho gida fa?

Bakano: Wa ya ce maka zan juya? Da baya zan fito har bakin titi.

Bazazzagi: Ni dai sauke ni a tasha tun ban hau ba. Zan bi motar haya.

Bakano: Ka kyauta. Amma ka ba da 500 ɗin da na lissafa da kai a kuɗin mai.