Kayan da aka sake sarrafawa ba za su shiga lefe da wa'azin muhalli ba

Mayar da tsohon abu sabo ba baƙon abu ba ne a Sakkwato. Manomi da makiyayi sun daɗe suna sa takalmin taya, 'yan jari-bola na tsintar gwangwani a narka a yi tukunya, dilolin gwanjo kuma ba su daina shigowa ta iyakar Nijar ba, duk da cewa Kwastam ta haramta shigo da tsoffin tufafi. Sai dai duk waɗannan, a idonmu, kayan rashi ne. Mace za ta tsinci riga mai kyau a gwanjo, ta wanke ta goge, amma ba za ta faɗa wa ƙawayenta inda ta samo ba.

A Turai da Amurka kuwa abin alfahari aka mayar da shi. Tun 1993 kamfanin Patagonia ya fara yin rigar sanyi da robar lemo, Adidas kuma a 2015 ya nuna takalmin da aka yi da sharar roba ta teku. Can ana tallar kayan da sunan ceton muhalli, a ƙara musu kuɗi, a saya. Wanda ya kawo wannan talla Babbar Kasuwar Sakkwato zai yini bai yi ciniki ba.

Mai saye a nan tambayoyinsa daban ne. Nawa ne? Zai jure wanki? Idan daga bola aka kwaso robar, ana sallah da shi? Wannan ta ƙarshe ba ta raini ba ce, kuma amsarta mai sauƙi ce: ana wanke robar, a niƙa, a narka da wuta kafin a ja zare. Sai an yi wa mutane wannan bayani.

Babbar matsalar ita ce zafi. Zaren da ake samu daga roba, sabo ne ko tsoho, leda ce. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wa zai ajiye shadda ta auduga ya lulluɓa da leda? Ni dai ban ga laifin wanda ya ƙi ba. Ballantana kayan lefe, inda dangin amarya ke shafa Getzner su tabbatar ba jabu ba ce.

Shi ya sa a ganina ba daga riga za a fara ba. A fara daga jaka da takalmi da tabarma, inda zafi ba ya hana ciniki. Dukawanmu na da fatar jar akuya, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can fatake ke bi da ita. Ragowar fatar da suke yankewa, da ƙyallen atamfa da teloli ke sharewa gab da Sallah, da ledar fiya wata da ke toshe mana kwatoci da damina, sun isa jari. Idan ɗinkin ya yi kyau, kuɗin kuma bai kai na jakar Sin ba, 'yan matan jami'ar Ɗanfodiyo za su rataya ba tare da an roƙe su ba.