Garambawul a KTM: abin da ya shafi ɗan acaɓa a Bauchi

A ƙarshen Nuwamban 2024 kamfanin KTM na ƙasar Ostiriya, wanda ya yi suna wajen ƙera baburan tsere, ya garzaya kotu yana neman damar yi wa kansa garambawul bayan bashi ya yi masa katutu, har aiki ya tsaya a masana'antarsa ta Mattighofen. Masu bin bashi sun amince su karɓi kashi 30 cikin 100 na kuɗinsu, sannan a watan Mayun 2025 kamfanin Bajaj na Indiya ya samar da kimanin Yuro miliyan 800 domin ceto shi, abin da ya share wa Bajaj hanyar riƙe ragamar KTM. Bajaj ɗin nan kuwa shi ne mai ƙera Boxer, babur ɗin da dubban magidanta ke ciyar da iyali da shi daga Wunti zuwa Muda Lawal a cikin garin Bauchi.

Ba na jin Boxer zai ɓace daga kasuwa, domin Najeriya tana cikin manyan kasuwannin Bajaj a Afirka. Damuwata tana kan kayan gyara. Duk kamfanin da ya zuba irin wannan dukiya a wani wuri dole ya sake lissafi, kuma idan ya yanke shawarar sauya samfuri ko rage wani kaya, ba a tuntuɓar bakanike ko matashin da ya karɓi babur bashi yana biya duk mako. Shi dai zai je neman fistin ko sarƙa ya tarar farashi ya tashi, ko a miƙo masa jabu wanda ba zai kai wata biyu ba, alhali faɗuwar darajar naira tun 2023 ta riga ta tsauwala masa.

Mutanen Bauchi sun san wannan darasi fiye da kowa. Masana'antar Steyr da ta riƙa harhaɗa taraktoci da manyan motoci a garin nan an kafa ta ne da haɗin gwiwar Steyr-Daimler-Puch, shi ma na Ostiriya. Da aka soma rarraba uwar kamfanin, sashen babura na Puch ya koma hannun Piaggio na Italiya a 1987, na manyan motoci ya tafi kamfanin MAN na Jamus, na taraktoci kuma kamfanin Case na Amurka ya saye a 1996. Akwai laifinmu na cikin gida a durƙushewar masana'antar, amma rasa uwa ya ƙara mata rauni.

Saboda haka, duk lokacin da gwamnatin jiha ko ƙungiyar 'yan acaɓa za ta sayi babura masu yawa domin rabawa, ya kamata yarjejeniyar ta tilasta wa dillali ajiye kayan gyara na asali a Bauchi na tsawon shekarun da aka ƙayyade a rubuce, tare da horar da bakanikai, kuma a riƙe wani kaso na kuɗinsa har sai ya cika wannan sharaɗi.